Sandar Baba a Bakin Lungu

Zaman makokin Baba ya yi mini wuya. Ba haƙar kabari ba, ba dafa wa baƙi abinci ba, waɗannan na iya da su. Abin da ya gajiyar da ni shi ne zama kan tabarma tun hantsi har la'asar ina amsa "ya haƙuri" daga mutanen da bakinsu ke wurina, idonsu na kan ruwa.

Mutane sun zo, ban ce ba su zo ba. Jirage sun cika bakin ruwanmu, daga Warra, daga Yelwa, har daga Shanga wasu tsofaffi sunka biyo ruwa. Matan da ke bandar kifi sun kashe wutarsu ranar jana'iza, abin da ko da Sallah ban taɓa gani ba. Aminin Baba, wani tsohon manomi daga kan tudu, Kirista ne, ya sauko da ƙafa da damin dawa a kai, ya ajiye a ƙofar Inna. Ya zauna gefe har anka gama sallar gawa, sannan ya bi mu makabarta. Da zai tafi ya kama hannuna ya ce, "Shekarar fari ubanka ya ciyar da gidana da kifi har kaka, bai taɓa tada maganar ba. Yau ni na tada ta." Ya share ido da bakin rigarsa, ya hau tudu. Shi kaɗai ya zo ya tafi bai tambaye ni komai ba.

Sauran kuwa, kowa sai ya yi addu'arsa tsaf, Allah shi gafarta mai, Allah shi sa ya huta, sannan ya matso kusa ya rage murya: "To, lungun fa?"

Auta, ƙanena, shi ya kamata ya rubuta wannan, shi ne mai boko. Na ce ya rubuta, ya ce ba zai iya ba. Ni aji uku na tsaya, Baba ya cire ni don tuƙin jirgi. Amma ba na son a manta da shi, kuma na ga an fara.

Kudu da ƙauyenmu akwai inda wata ƙorama ke shiga tafki. Wurin ya lanƙwashe ya yi lungu, ciyawar burugu ta cika shi. In farin ruwa, cikar kogi ta farko, ya zo ƙarshen damina ya hau kan ciyawar, nan kifi ke shiga ya zuba ƙwai. Tun da munka tare a nan, Baba ke kafa sandar gora a bakin lungun, ya ɗaura mata ɗanyar kaba. Muddin kabar na kan sandar, ba mai jefa ko ƙugiya a ciki. Sai baƙin ruwa, cika ta biyu da ke zuwa lokacin sanyi, ya fara ja da baya Baba ya kwance ta, gari duka ya shiga rana ɗaya, kowa ya kama abin da Allah ya ba shi. Ba sarki ya naɗa shi ba, ba hukuma. Ubansa ya yi haka a tsohon garinmu, shi ma ya ci gaba.

Ba shi da ɗan doka, ba shi da ko sanda ta duka. Gaisuwa ce makaminsa. Zai zauna cikin jirginsa jikin sandar yana gyaran koma. In ya hango mutum ya nufo da niyyar shiga, sai ya ɗaga murya: "A'a, ɗan wane! Ina kwana? Ya ƙafar babanka? Ya tsohuwa? Ƙanwarka da anka kai Ngaski ta sauka?" Haka zai yi ta jero dangin mutum ɗaya bayan ɗaya, har kakan da ya mutu, sai mutumin ya juya jirgi ya ce dama wucewa zai yi. Wanda ya saci shiga kuwa, Baba ba ya ƙwace masa kifi. Zuwa zai yi ya zauna a ƙofar gidansa. A kawo ruwa ya ƙi sha, a kawo tuwo ya ƙi ci. Ba a kai azahar matar gidan da kanta ta kori mijin ya fito ya ba da haƙuri.

Ba mutum ne mai laushi ba, kada wani ya ɗauka haka. Ina saurayi na taɓa jefa birgi, komar nan ta jifa, dab da sandar, ban ma shiga ba, ya zabga mini filafilin tuƙin jirgi a baya, har yau in sanyi ya shigo ina jin wurin. Bai taɓa ce mini na yi daidai ba a kan komai. Amma in ya ciro tarwaɗa ya ga cikinta ya cika da ƙwai, zai riƙe ta da hannu biyu kamar jaririya ya mayar ruwa, ko da gida ba cefane. Ya ce, "Bari ta haihu tukuna." Da wannan maganar yake amsa komai. Inna ta yi ƙorafin rufin ɗaki, bari ta haihu tukuna. Na ce masa karatun Auta na cinye mu, bari ta haihu tukuna.

Karatun nan yana da tushe. Lokacin da za a toshe kogin Kwara a yi madatsar ruwa, kafin ruwa ya ci tsohon garinmu, wasu mutane sun zo da takardu suna ƙirga ɗakuna da rumbuna da itatuwan mangwaro don biyan diyya. Ina tsaye Baba ya tambaye su, wurin kamun kifi na ubansa da ke bayan duwatsu fa, nawa sunka sa masa? Tafinta ya juya maganar, ya juyo da amsa: babu wurin rubuta wannan a takardar. Sai Baba ya tambayi tafintan, mutanen nan mi sunka karanta da har sunka san kuɗin garin wani? Ya ce tattalin arziki. Baba ya riƙe kalmar nan shekara da shekaru. Auta a nan sabon wuri anka haife shi, kuma tun yana firamare Baba ke cewa, "Wanga cikin masu lissafin zai zauna. In sun sake zuwa, su iske namu a teburin."

Da Auta ya samu jami'a a Sakkwato, Baba ya sayar da injin jirginmu. Tun ranar na koma filafili, ni da na fara furfura. In an ce wa ya biya karatun Auta, a ce Baba, amma a tambayi kafaɗata. A cikin haka anka yanke mu daga Sakkwato anka ce mun zama Kebbi. Baba ya ji daɗi. Ya ce sabuwar jiha sabbin masu lissafi take so, Auta zai gama ya wuce Birnin Kebbi kai tsaye.

Duk hutu in Auta ya dawo, kafin ya ajiye jaka Baba zai tambaye shi, "An kai ku wurin ruwa?" Shekarar farko ya ce a'a, lissafi ne zalla. Ta biyu ya ce kasuwa ake koya musu. Ya tsuguna ya ja layi biyu a ƙasa sun gitta juna, wannan na masu saye, wannan na masu sayarwa, inda sunka haɗu nan farashi ke tsayawa. Baba ya leƙa ya ce, "Wanga ai itacen banda ne." Munka yi dariya, har Auta.

A aji uku ya dawo, Baba ya yi tambayarsa, ya ce, "An kai mu, Baba." Sai ya shige ɗaki.

Lokacin masu dala sun riga sun cika tafkin. Dala taru ne mai tsawo, idonsa ƙanana kamar gidan sauro, a zagaye ruwa da shi a ja daga gaɓa. Ba abin da yake bari, har 'ya'yan kifi da ba su kai ɗan yatsa ba. Baƙi sunka fara kawo shi, daga nesa, wasu ko Hausa ba su ji sosai. Baba ya je ya gaishe su a bakin lungu, sunka amsa, sunka tsaya suna kallonsa. Bai san sunan uban ko ɗaya ba. Shekarar sun bar masa lungun don tsufansa, amma sun share duk abin da ke wajen sandar. Baba ya hana gidanmu taɓa dala. Maƙwabta sunka yi rufin kwano, mu muna nan da ciyawa.

Bayan la'asar muna ƙarƙashin tsamiya muna ɗinkin koma, Baba ya kira Auta ya ce, "Zauna. Mi sunka ce game da ruwa?"

Auta ya yi ta murza yatsu. Ya ce, "Baba, abin da anka koya mana, duk abin da yake na kowa da kowa, ba mai shi, ƙarewa yake yi. Ba a nan kaɗai ba, ko'ina a duniya. Kiwo, daji, ruwa."

"Saboda mi?"

"Kifin da ka mayar ruwa yau ba naka ba ne. Na wanda ya riga ka fita gobe ne. Kowa ya san haka, don haka kowa sauri yake ya kama kafin wani. Ba mugunta ba ce. Ko mutumin kirki in ya zauna ya yi lissafi, abin da zai yi ke nan. Wanda ya haƙura shi kaɗai, ya yi asara, kifin kuma ya ƙare duk da haka."

Baba ya ajiye allurar koma. "Wato ni."

"Ban ce kai ba."

"Ni ka ce. To shekarun nan da lungun ke tsaye, aljanu ke gadinsa?"

"Kunya ke gadinsa, Baba. Kunyarka. Tana aiki ne in kowa ya san kowa, kuma in kifi na isar kowa. Yanzu duka biyun sun tafi."

"To mi sunka ce a yi?"

"Ko hukuma ta kafa doka ta sa masu tsaro da jirage. Ko a raba ruwan, kowa ya san nasa."

"A raba ruwa!" Baba ya juyo gare ni. "Ka ji? Tashi ka ɗauko mana wuƙar Inna mu raba ruwa." Ban yi dariya ba, shi ma bai yi ba. Ya dubi Auta ya ce, "Injina na sayar don a koya maka mutanen garinku ba su da kunya?"

Auta ya ce, a hankali, "Ka ce in gaya maka abin da sunka ce."

Har hutun ya ƙare Baba bai sake ci a kwano ɗaya da shi ba. Inna ta yi magana, ta yi kuka, ya ce mata ta bar shi. Ni a lokacin bayan Baba nake. Na ce wa Auta an kai shi Sakkwato an wanke masa kai da sabulu. Ya ce, "Yaya, ni ma ba so nake ya zama gaskiya ba." Ban saurare shi ba.

Shekarar ƙarshe kowane ɗalibi sai ya rubuta littafin bincike, furojet suke ce masa, kafin a ba shi digiri. Auta ya zaɓi lungunmu. Yana cikin shiri malaman jami'a sunka shiga yajin aiki, anka kore su gida, ba ranar komawa. Ya dawo da tambayoyinsa, yana son a zagaya da shi wurin masunta sansani-sansani. Ya roƙe ni in tuƙa shi, na ce ina da aikin yi. Da safe na fito na iske Baba cikin jirgi riƙe da filafili, yana kallon gefe guda kamar ba wani yake jira ba. Ya ce wa Auta, "In za ka shiga ka shiga, rana na yi."

Wannan ne alherin Baba da ya fi tsaya mini, ya fi na kifin shekarar fari. Ya san abin da littafin zai ce a kansa, kuma shi ya tuƙa mai rubuta shi. Inda masunta za su kori ɗan boko, ganin Baba sai su shimfiɗa tabarma. Ya kan ce musu, "Ku gaya mai gaskiya, karatu ne. Ni kurma ne yau." Sai ya koma jikin jirgi ya ba su baya.

Ba kurma ba ne. Tambaya biyu Auta ke ƙarewa da su. Ya kamata a ci gaba da rufe lungu? Kowa ya ce ƙwarai, in ba lungun ba da tuni mun tashi. To in ka ga wasu sun shiga, kai fa? Nan mutum zai sosa ƙeya, ya saci kallon bayan Baba, ya ce to, ai mutum yana da iyali.

Ranar da sunka je wurin Kawu ina nan, don na kai masa gishiri. Kawu ƙanen Inna ne, tare sunka taso da Baba, tare sunka kafa sandar farko. Auta ya yi tambayarsa ta biyu. Kawu ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan nema, so kake ka haɗa ni da surukina?" Auta ya ce karatu ne, Kawu. Kawu ya daina dariya. Ya ce, "Muddin yana numfashi ba ni shiga. Rubuta wannan." Auta ya ce, bayan nan fa? Kawu ya tofar da goro ya ce, "Bayan nan in na tsaya, wa zai tsaya da ni?"

Baba na zaune yana ɗaye ƙaya daga koma. Hannunsa ya tsaya, sannan ya ci gaba. A hanyar dawowa ni na karɓi filafilin, bai hana ni ba, abin da bai taɓa yi ba. Mun kusa gida ya ce wa Auta, ba tare da ya juyo ba, "Malamanka sun iya aikinsu." Da yamma ya sa Inna ta zuba musu tuwo a kwano ɗaya.

Daga nan jikinsa ya fara. Ƙafafu sunka kumbura, numfashi ya yi gajere. An kai shi asibiti a Yelwa, an dawo da shi. Ban ce maganar Kawu ce ta kashe shi ba, shekaru ne da ajali. Amma tun ranar ban sake jin ya ce bari ta haihu tukuna ba.

Da farin ruwa ya zo bana, ya ce a kai shi. Munka ɗauke shi ni da Auta munka sa a jirgi. Na kafa sandar. Ya miƙa hannu zai ɗaura kabar, yatsun sunka ƙi, kabar ta faɗa ruwa. Na tsamo na ɗaura. Ya duba ƙullin ya ce ya yi sako-sako, na sake. Sannan ya ce mini, "Ban ce ka ɗauki tsaron lungun nan ba. Ka ji ni? Ban ɗora maka ba." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ga Auta kuma ya ce, "Ka rubuta yadda sunka faɗa, kada ka gyara don ni. In ka zauna a teburin, ka ce su buɗe wa lungu wuri a takardar." Auta ya ce to. Bai gaya masa cewa waɗanda sunka riga shi gamawa suna nan zaune a tashar Yelwa da digirinsu a jaka ba. Ni ma ban gaya masa ba.

Bai ga baƙin ruwa ba. Ya rasu da kabar tana ɗanya.

Ana cikin zaman makoki rediyo ya ce an janye yajin aiki, ɗalibai su koma. Ranar addu'ar bakwai, bayan an watse, Kawu ya zauna kusa da ni ya ce, "Ɗana, mutane na tambayata. Mi ka yanke?" Na ce kaba na kan sanda, Kawu, ba a kwance ta ba. Ya ce haka ne. Ya ce Allah shi ba mu haƙuri. Ya tashi yana kaɗe riga.

Washegari bayan asuba na yanko sabuwar kaba. Na ce wa Auta ya shigo in sauke shi Warra ya hau motar Sakkwato, amma mu biya ta lungu. Tun kafin mu sha kwana na ji hayaniya. Jirage sun cika ciki, na baƙi da na gari, an zagaye burugun da dala ana ja. Ba wanda ya taɓa sandar, tana nan tsaye da kabarta, ta gefenta sunka bi. Kawu na cikin ruwa har ƙugu, riƙe da igiya.

Na tsayar da jirgi jikin sandar. Na ɗaga murya yadda Baba ke yi. "Kawu! Ina kwana? Ya gajiyar jiya? Ya ƙafar Gwaggo, uwargidanka? Jikanka mai zazzaɓi ya samu sauƙi?"

Ya juyo ya amsa mini duka, ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko guda ba. Ya tambayi Inna, ya tambayi yarana, ya ce ya ƙarin haƙuri. Hannunsa bai bar jan igiyar ba.

Na ce wa Auta, "To ga shi nan. Ka ci jarrabawarka." Ya rungume jakarsa ya kifa kai a kanta, kafaɗunsa na rawa. Na bar shi.

Na kama sandar na girgiza har ta saki laka, na kwantar da ita cikin jirgi. Na kai Auta Warra, na tsaya har motar ta tashi. Na tuƙo na dawo ni kaɗai, na saɓa sandar a kafaɗa na wuce makabarta. Na kafa ta wajen kan Baba, na kwance tsohuwar kabar, na ɗaura sabuwar. Na ja ƙullin sosai, don kada ya ce ya yi sako-sako.